Buta a Jirgin Papi Bernar

Bari in faɗa tun farko, don kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina: ni ce na ƙarar da ruwan, ba tsohon ba. Mu uku ne cikin jirgin a tsakiyar teku, na zubar da ruwan shanmu buta bayan buta, na yi shiru aka ɗora masa, kuma a kan wannan aka sayar da jirgin da ya ƙera da hannunsa. Shekara biyu ke nan. A Damagaram har yau ana nuna hotona a waya, ana cewa ga Balki 'yar Malam Habu da ta ƙetare teku. To ga abin da 'yar Malam Habu ta yi.

La Courneuve

Na sauka Pari ina da shekara ashirin da biyu, ba ni da komai sai takardar gama kolej da bakin da ba ya jiran a gama magana. Tanti Rabi, ƙanwar babana, ita ta kawo ni. Tana zaune a unguwar La Courneuve, a hawa na goma sha ɗaya, asansar ɗin, wato na'urar hawa benen, ta fi kwana a lalace, kullum da ƙafa muke takawa da buhunan atamfa da turaren wutar da take sayarwa a falonta. Wata biyu na farko kuka nake yi a banɗaki, don nan ne kaɗai ɗakin da ke da sakata. Ba sanyi ne ya dame ni ba. Rashin wanda zai ce mini sannu a hanya ne.

Wani ɗan garinmu da ke unguwar Sevran ya ce zai sa ni makarantar koyon jinya, in zo in zauna wurin iyalinsa kafin a buɗe. Wata guda na yi ina wanke kashin 'ya'yansa kafin in gane ba wata makaranta, mai raino yake nema. Na faɗa masa abin da ke raina a gaban matarsa, na ɗauki jakata.

Sai Tanti ta samo mini shara da guga a gidan wata madam a cikin Pari. Sati uku lafiya lau. Ran nan ta dawo da wuri, ta tarar da ni ƙafata ɗaya cikin kwamin wanke hannu ina alwala, ƙasa a jiƙe, ga butata a gefe. Ta ɗaga butar da yatsa biyu ta tambaya ko ta ban ruwan fure ce. Da mai hankali ce da ta ce e. Ni kuwa na yi mata bayani dalla-dalla, har da abin da ake wankewa da ita bayan an zaga. Fuskarta ba zan manta ba. Ta saka butar cikin ledar shara ta ƙulle, ta ce kada in dawo.

Tanti ba ta yi faɗa ba. Ta sayo mini wata buta ƙarama, shuɗiya, ta ce:

"Balki, a ƙasar nan sallarki taki ce, butarki kuma ba mai son ganin ta. Ki ɓoye ta, ki goge ƙasa, ki rufe bakin nan naki."

Biyun farko na riƙe tun daga ranar. Na ukun kuwa ban taɓa aiki da shi ba sai a wurin da bai kamata ba.

Les Minguettes

Da ta ga Pari ta ƙi ni, ta tura ni Liyon, unguwar Minguettes, wurin Alhaji Ilya, wani dattijo mutumin Tawa mai aika tsofaffin motoci gida, mai ilmin addini kuma, da matarsa Hajiya Mariyama. Suka ba ni ɗakin 'yarsu da ta yi aure. Na yi 'yan watanni ina koyon kula da tsofaffi, aka tura ni gidan wasu mata da miji, Madam Odil da mijinta Bernar.

Shi ne majinyacin. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, amma ya tashi, yana tafiya, yana aski da kansa. Abin da ya rage masa kaɗan ne: wani lokaci sai ya ce hagu yana nufin dama, ko sunan cokali ya ɓace masa na ɗan lokaci. Ranar farko ya ce in bar ce masa mesiye, in ce Papi, wato kaka. Shi kuma ya sa mini Matlo, wato ma'aikacin jirgi, don ya ce ina tafiya kamar ƙasa tana motsi.

Kafinta ne a da. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ƙera jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa da ƙyalle, tsawonsa taku goma sha biyu nawa. Yana ɗaure a bakin kogi cikin gari, dogon ƙarfen da ake ɗaura ƙyallen a kwance a kansa. Kowace Laraba nake raka shi can. A gida tsoho ne da ake tuna wa magani. Yana taka jirgin sai ya zama wani mutum, ya san kowace igiya da sunanta, hannunsa ba ya rawa.

Burinsa ya ƙetare babbar teku zuwa tsibirin Martinik shi da matarsa. 'Yarsu Selin ta ce ba ta yarda ba. Ina kicin ina yanka albasa suka yi ta, har aka tsaya a kan sharaɗi biyu. Na farko, a tafi da mutum na uku mai ƙuruciya. Na biyu kuwa Selin ta faɗe shi tana kallon uwarta:

"Mama, ki yi mini alkawari. In kansa ya ruɗe a hanya, ko sau ɗaya, ki gaya mini. Kuna sauka a sayar da jirgin, magana ta ƙare."

Madam Odil ta yi alkawari. Tsohuwar nas ce, ba ta iya ƙarya ba ko da wasa. Papi ya ce ya yarda, don ya san kansa.

Ba wanda ya tambaye ni. Ni na leƙo da wuƙa a hannu na ce in mutum na uku ake nema ga ni. Na gaji da hawa bene, na gaji da goge gidajen mutane, kuma ina so a yi maganata a Damagaram.

Tanti ta kira ta ce ke da ko tafki ba ki taɓa shiga ba. Na ce ba iyo za ni ba. Ana gobe tafiya Alhaji Ilya ya ce in zauna, akwai hukunce-hukuncen matafiyin ruwa da yake so ya gaya mini. Ina tsaye ina cusa kaya a jaka na ce:

"Baba Alhaji, na yi islamiyya fa. Kasaru ne, na sani."

Ya dube ni, ya ce to Allah ya tsare. Minti biyar ya nema. Ban ba shi ba.

Kogi, da tsibiran Kanari

Daga Liyon muka bi kogi da inji zuwa kudu, ana buɗe mana manyan ƙofofin ruwa muna gangarawa. A bakin teku aka tayar da ƙarfen, aka ɗaura ƙyalle. Kwana huɗu na farko amai na yi har na roƙi Allah ya ɗauki raina. Madam Odil ta riƙe mini goshi, Papi ya ce in bar kallon ƙafata, in kalli can inda sama ta haɗu da ruwa. Ya yi gaskiya.

Sun san ina salla, ba su damu ba. Tun da gari ya waye Papi zai dubi busol, agogon nan mai nuna gabas da yamma, ya miƙa hannu ya ce, "Matlo, yau Makka tana can." In jirgi ya juya da rana sai ya sake nuna mini. Ban roƙe shi ba, shi ya ɗora wa kansa. A zaune nake sallar a kan ɗan gadona da ke gaba, don tsayuwa ba ta yiwuwa. Abin da ba su sani ba shi ne kafin kowace salla akwai wanke gaɓoɓi, kuma cikin jakar kayana akwai shuɗiyar buta naɗe da zane. A wannan ɓangaren tafiyar ba matsala, don duk kwana uku huɗu muna tsayawa a wani gari mu cika tanki.

A Kanari ne, tsibiran da ake tashi daga su a shiga babbar teku, Papi ya zaunar da ni ya yi mini karatun ruwa. Ya ce daga nan sai Martinik, sati uku ko fiye, ba inda za a tsaya. Tanki ɗaya ne a ƙarƙashin benci, sai bido biyu, wato jarkoki, na ajiya. A kicin da banɗaki akwai pampo bibbiyu da ake takawa da ƙafa: na hagu ruwan teku, na dama ruwan daɗi. Na daɗi na sha ne da girki kawai. Wanke-wanke, wanka, wanki, duk na teku. Ya nuna mini sandar awonsa, wadda ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, kowace tsaga kwana ɗaya. Kullum da safe zai tsoma ta cikin tankin ya ga inda ruwa ya tsaya.

Bai gama ba na katse shi.

"Papi, ni 'yar Damagaram ce. Mu da muke kwana uku pampo bai zo ba, mu bi layi da bido tun muna yara. Ba wanda zai koya mini tattalin ruwa."

Ya yi dariya ya ce wa matarsa sun yi sa'ar ma'aikaci.

Babbar teku

Ga inda na yi wautar. A islamiyya an koya mana ruwan da launinsa ko ƙanshinsa ko ɗanɗanonsa ya canza ba ya alwala. Na ɗanɗana na teku, na ji gishiri har maƙogwaro, na yanke wa kaina hukunci cewa wannan ba ya tsarki. Taimama kuma sai da ƙasa ko dutse, a jirgin ba ko ɗaya, katako ne mai fenti. Saboda haka na shiga banɗaki, na sa sakata, na taka pampon dama. Ƙarar raƙuman ruwa da ke dukan jikin jirgin ta rufe ƙarar pampon. Na goge ƙasa tas, na naɗe butar.

Na ce wa kaina buta ɗaya ba komai ba ce. Amma ni ban iya alwalar ƙauro ba, haka uwata ta koya mini, sau uku-uku har ruwa ya gangara. Ga tsarki duk lokacin da na zaga. Ga kasarun da na yi wa Alhaji alfahari da shi, raka'a yake ragewa, ba ya rage alwala. Ko a kwanakin al'ada da ba na salla, tsarki bai bar butar ta huta ba. Kwana na tara na yi wankan tsarki, bokiti guda cur.

Ina ganin Papi kullum da safe yana daɗewa a kan sandarsa. Zai tsoma, ya ciro, ya goge, ya sake tsomawa. Bai ce komai ba sai kwana na goma sha ɗaya, bayan mun sha shayi. Ya ce ruwan da ya kamata ya kai mu kwana ashirin da biyar ya sauka tsagar kwana ashirin, saura na kwana biyar ke nan. Ga iska ta yi rauni, ko rabin hanya ba mu kai ba.

Ya ɗage katakon ƙasa, ya kwanta rub da ciki, tsoho mai shekara saba'in da biyu, yana bin tiyo da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya dangwali ɗan ruwan da ke kwance a gindin jirgin ya sa a harshe. Ya ce gishiri ne, ke nan tankin ba ya yoyo, da yana yoyo da ya ji na daɗi. Ruwan ta pampo yake fita. Ina tsaye a kansa, na san saura taku ɗaya ya iso kaina.

Sai Madam Odil ta yi magana, a hankali, da muryarta ta asibiti. Papi ne dai mai wanke kwanoni kullum, aikin da ya zaɓa ke nan.

"Bernar, tashi ka taka mini na teku."

Ya ce wace irin magana ce wannan, shi fa ya ɗaura pampunan. Ta ce ta sani, ya taka kawai. Ya miƙe, jininsa ya hau kai saboda kwanciyar, mata biyu sun zuba masa ido. Ya dubi ƙasa. Ya ɗaga ƙafa, ya tsaya, ya mayar. Sannan ya taka na dama.

Ta tara hannu ta ɗanɗana. Ta juyo gare ni.

"Balki, ke ba ki taɓa na daɗi ba sai don girki, ko?"

Na tuna madam ɗin Pari da yatsunta biyu. Na tuna ledar shara. A can an kore ni na hau jirgin metro na koma gida, a nan ina zan tafi? Sati biyu zan yi ina kallon fuskarsu. Abin da na ce shi ne:

"Madam, ni 'yar Damagaram ce."

Ta ce ta sani, ta ba ni haƙuri da ta tambaya.

Daga ranar ta karɓe sandar awo, ta ɗaure pampunan dama da igiya, ta mayar da wanke-wanke hannuna. Ni ma daga ranar ban ƙara taɓa ruwan ba, tsoro ya hana. Ku duba abin da hakan ya haifar: ana cire Papi daga kicin, ruwa ya daina ɓata. Wace shaida kuma ake nema? Na ga Madam Odil tana duban sandar washegari, da jibi, na ga ta haɗiye abin da ta gani. Dainawata ce ta gama kashe shi.

Aka koma kofi uku a wuni ga kowa, shinkafa ana dafa ta da rabin ruwan teku. Leɓunanmu suka tsage. Zafi ya ƙaru yadda muke gangarawa kudu, harshe ya yi kauri, fitsari ya koma kamar shayi. Sau ɗaya hadari ya zo muka tara ƙyallen jirgi muka sami abin da bai cika bido ba. Salla kuwa na daina, na ce zan rama in mun sauka. Wato abin da na zubar da ruwan dominsa shi ma na rasa shi.

Amma ƙishi ba shi ne wahalar ba. Papi ne. Mutumin da ke jin canjin iska a kuncinsa kafin ƙyalle ya motsa, sai ga shi yana tambayar matarsa ko ya ja wannan igiya, ko ya bari. Ya daina riƙe matuƙi sai tana kusa. Wata safiya na ce masa, don in ga ya yi magana, Papi yau ina Makka? Ya dubi busol ya daɗe, ya ce:

"Tambayi Odil. Kada in juya ki inda ba nan ba."

Kwana na goma sha takwas na kama shi yana tsiyaya rabin kofinsa cikin nawa. Na ce ya bari. Ya ce shi ya zubar, shi ya kamata ya ji ƙishi, ni yarinya ce, amana aka ba su. Ya miƙo mini. A nan ne ya kamata in faɗa, kalma biyar ta isa. Na karɓa na shanye. Kuma ya yi mini daɗi, wannan ma sai na faɗa. Kullum haka ya yi ta yi har muka ga ƙasa, kullum ina sha.

Martinik

Kwana ashirin da huɗu muka yi. Da muka ɗaure jirgi wata mata mai sayar da 'ya'yan itace ta dubi bakunanmu, ta fasa mana kwakwa uku ta ƙi karɓar komai. Madam Odil ta sha, ta goge baki, ta ɗauki waya ta yi nisa da mu. Na ga bayanta yana girgiza tana magana da Selin. Papi yana zaune yana naɗe igiya, ya naɗe ya warware, ya sake naɗewa. Bai yi gardama ba. Ya ce alkawari ne, kuma mutumin da bai san ƙafarsa ta hagu ba bai kamata ya ɗauki rayukan mutane ba.

Aka liƙa wa jirgin takardar sayarwa. Ni kuwa na tsaya a gabansa na ce wa wani ya ɗauke ni hoto, na kare takardar da jikina. Shi ne hoton da ake yawo da shi a gida.

Liyon kuma

Ta Pari muka dawo a jirgin sama. Tanti ta tara matan unguwa, aka yi dambu, na zauna a tsakiya ina ba da labarin kifi mai fiffike da raƙuman ruwa masu tsawon bene. Da aka zo kan ƙishi na ce tsohon ne kansa ya ruɗe. Da bakina na faɗa, matan suna cewa Allah sarki.

A Minguettes Hajiya Mariyama ta yi mini tuwo. Muna ci Alhaji Ilya ya ce, cikin raha, ai ku kun huta da neman ruwan alwala, ko'ina ka miƙa hannu ga shi. Na ce wane ruwa, na gishiri? Ai ɗanɗanonsa ya canza.

Ya ajiye cokali. Ya ce canzawa daga me? Haka Allah ya halicce shi. Ruwan da aka hana shi ne wanda wani abu ya faɗa ciki ya sauya shi. Na teku mai tsarki ne, yana alwala, yana wanka, malamai ba su yi saɓani a kai ba.

"Ke a ƙauyen kakanninki ba rijiyar zartsi? Da me suke alwala? Wannan fa shi ne abu na farko da na so gaya miki ran nan, kika ce kin yi islamiyya." Sai ya tsaya. "To da me kika yi ta yi?"

Na faɗa musu duka, har kofin. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi. Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce jahilcin mai sauƙi ne, Allah yana yafe shi. Ɗayan kuwa ba shi zan gaya wa ba, kuma ba istigfari ne zai wanke shi ba, mai haƙƙin yana nan da rai, hawa jirgin tram ɗaya ne tsakaninmu.

Wata huɗu na ƙara. Ni da ake cewa ba ni da haƙuri. Na canza wurin aiki don kada a tura ni gidansu. Kullum in na gaida Alhaji da safe zai amsa, sannan ya ce, "An je?" In ce tukuna. Ba ya ƙara komai. A cikin watannin nan aka sayar da jirgin ga wasu da ban sani ba, Papi ya daina fita, ya daina aski, ya daina magana sai an tambaye shi, har Selin ta sama masa ɗaki a gidan tsofaffi a bayan gari.

Ran wata Lahadi da rana na je, don na san Madam Odil tana can. Na sa butar a jaka. Ɗakin tsaf, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Yana zaune da bargo a gwiwa, ya rame. Madam ta tashi ta rungume ni ta ce ina na shige. Ban bari ta gama ba, don na san in na zauna ba zan faɗa ba. Na ciro butar na ajiye a kan tebur, na ce ni ce. Na faɗi yadda aka yi tun daga ranar farko har bokitin, ina kallon ƙasa.

Sai na ji Papi ya ce:

"Sau nawa a wuni?"

Na ce biyar, wani lokaci shida. Ya ture bargon ya tashi. Ya ɗauki butar ya cika ta a pampon ɗakin, ya juye cikin gorar ruwa ta lita ɗaya da ke gefen gadonsa, ya zubar, ya juye sauran. Ya ce lita ɗaya da rabi. Ya tambayi girman bokitin, na kwatanta da hannu. Ya jawo takardar jerin abincin gidan ya juya bayanta, ya nemi biro. Hannunsa bai yi rawa ba. Bai fi minti biyu ba ya ja layi a ƙasa, ya tura wa matarsa.

"Tsaga tara, Odil. Daidai abin da ya ɓata. Sandata ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba."

Murmushi yake yi. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Madam Odil ba ta dubi takardar ba, ni take kallo. Ta ce da na gaya musu a Kanari da bido biyu kawai za su ƙara, ita da ta yi shekara talatin tana wanke majinyata, buta ce za ta ba ta ƙyama? Sannan ta ce:

"Shekara arba'in da shida ban taɓa ƙaryata mutumin nan ba sai ranar, kuma kina tsaye. Tashi ki tafi, Balki."

Na miƙa hannu zan ɗauki butar, Papi ya dafe ta. Ya ce in bar ta nan, Selin za ta zo ran Laraba, yana so ya auna a gabanta.

Har yau Madam Odil ba ta ɗaga wayata, kuma ban ga laifinta ba. Na ji an ce Papi ya koma gida. Jirgin bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba. Na kira Tanti na gyara labarin, ta ce matan ba sai sun ji ba, na ce sai sun ji, shi ya sa na rubuta wannan.

A ranar Lahadin nan, da na kai bakin ƙofa, na ji Papi ya ce, "Matlo." Na juya. Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi inda rana ta faɗo a kan taga, ya ce la'asar ta yi, ko? Sai ya miƙa hannu wajen kusurwar da kabad yake, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na fita na ja ƙofar, na tsaya a barandar, na ciro waya na buɗe abin nuna alƙibla. Allurar ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya daidai inda yatsansa ya nuna.